Yadda Za Ka Zaɓi Madubin Bindigar Farauta Idan Kuɗinka Kaɗan Ne

Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta fara bushewa, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga mafarautan Garwa, Poli, Colire da Ngaundare: wane madubin bindiga zan saya da ɗan abin da ke hannuna? Wasu masu shago lunet suke ce masa. Amsarmu ba ta canja ba. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi madubin da ba shi da tarkace, wanda zai riƙe saiti komai haurin bindiga, ya kuma ware kuɗin zobban da za su ɗaure shi. Ga matakan a jere.

1. Takardu kafin kasuwa

A Kamaru, dokar makamai ta 14 ga Disamba 2016 ce ke tafiyar da mallakar bindiga, kuma ma'aikatar harkokin cikin gida, wato MINAT, ce ke ba da izinin saye da riƙewa. Lasisin farauta kuwa daga ma'aikatar gandun daji da namun dawa yake fitowa, wato MINFOF, ita ce kuma ke sanar da buɗe lokacin farauta da rufe shi kowace shekara. An kasa namun dawa aji uku, A da B da C. Na ajin A ba a taɓa su. Cikin gandun Binuwai, Faro, Buba Njida da Waza babu farauta sam, sai a yankunan da aka keɓe.

Gargaɗi: doka ta hana farautar dare da fitila da kuma harbi daga cikin mota. Don haka kada ka kashe ko sisi kan madubin da ake tallarsa da cewa yana gani cikin duhu. Kuma ka san cewa bindiga mai madubi tana jan ido a shingen jandarma fiye da wadda ba ta da shi. Rasiɗin madubin ya zauna cikin jaka ɗaya da takardun bindiga.

2. Shin bindigarka ma tana buƙatarsa?

Yawancin bindigogin da ke hannun mutanenmu kalibar 12 ne, masu watsa harsashi. Iyakar amfaninsu mita 35 zuwa 40, a kan zabo, fakara ko zomo da ke gudu. Madubi ba zai ƙara musu nisa ba, sai dai ya rage maka sauri. In irinta gare ka, ajiye kuɗinka.

Madubi na karabin ne, mai harsashi ɗaya. Rubuta kalibarta, wato girman harsashin da take ci, a takarda kafin ka fita, domin ita za ta yanke maka rabin hukunci (ma'anar lambobin madubi tana mataki na 4):

- .22 LR ba ta hauri. Madubi mai sauƙin kuɗi, 4x32 ko 2-7x32, ya wadatar.
- .308, .30-06 da 7x64 suna da hauri matsakaici. Nan ne gidan 3-9x40.
- 9.3x62, .300 Magnum da .375 H&H suna shuri kamar jaki. Suna son madubi gajere, marar nauyi, mai ƙarfi: 1-4x24, 1.5-6x42 ko 2-7x33.

Gargaɗi: bindigar iska mai sifirin tana hauri gaba da baya, kuma tana kashe madubin da zai jure .30-06 lafiya lau. Sai wanda kamfani ya rubuta cewa an yi shi dominta.

3. Raba kuɗin tun daga gida

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya juye duk kuɗinsa a kan madubi, sannan ya ɗaure shi da zobban banza. Idan sefa dubu 150 gare ka, ka ɗauka dubu 100 zuwa 110 ne na madubi, dubu 20 zuwa 25 na zobba da mazauni, sauran na harsashin saiti da murfin gilashi. Harsashi 15 zuwa 20 za su tafi wajen saiti na farko, kada ka yaudari kanka.

Don ka san inda ciniki ya dosa, yuro ɗaya sefa 656 ne, kuma ba ya motsi. A shagunan Turai, 3-9x40 na Hawke Vantage ko Bushnell Banner kan kama daga kimanin yuro 100 zuwa 150, wato sefa dubu 65 zuwa 100. Vortex Crossfire II kan kai yuro 150 zuwa 200. Leupold VX-Freedom kan haura yuro 300, kusan sefa dubu 200. Wannan kafin kuɗin dako, kuɗin duwan, wato kwastan, da harajin kaya na kashi 19.25 cikin ɗari. Farashi na hawa da sauka, amma tsarin nan bai cika canjawa ba.

Saboda haka idan wani a kasuwa ya miƙo maka sabon madubi ɗauke da sunan babban kamfani a kan sefa dubu 20, ba sa'a ka taka ba, jabu ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Gargaɗi: kada ka roƙi ɗan'uwa ya cuso maka shi cikin akwati daga waje. Amurka tana neman lasisi kafin a fitar da madubin bindiga zuwa ƙasashe da yawa, a nan ma duwan za su tambayi takarda. Bi ta hannun dila mai izinin sayar da makamai, ko da zai ɗan ɗora maka.

4. Karanta lambobin da ke jikinsa

A 3-9x40, lambobin farko na nufin yana jawo abu sau 3 zuwa sau 9. Na ƙarshe faɗin gilashin gaba ne, milimita 40.

A nan ne ake cin kuɗin mutane, don haka bari mu daɗe. Mai saye yakan ga 6-24x50 kusa da 3-9x40 a farashi ɗaya, ya ce ai babban ya fi. A'a. In farashinsu ɗaya, to an rage ingancin gilashi da ƙarfen ciki ne don a biya girman. Ban da haka, dajinmu ba ya son jawowa mai yawa, saboda dalilai uku.

Na farko, fili. A kan 3, kana ganin faɗin kusan mita 11 a nisan mita 100. A kan 9, ya ragu zuwa kamar mita 4. A kan 20 kuwa, gwanki zai taka sau biyu ya ɓace maka, ka tsaya kana lalube tsakanin kargo da gamba. Mafi yawan harbi a yankunan farauta na kewayen Binuwai da Faro bai wuce mita 50 zuwa 150 ba, domin itatuwa da ciyawa ba sa barin ka ga abin da ya fi haka.

Na biyu, kawalwalniya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, iskar da ke tashi daga ƙasa tana rawa. Madubi yana jawo wannan rawa daidai yadda yake jawo dabba. Da hantsi, a kan 16, sai ka ga naman kamar yana cikin ruwa. Hazon hunturu ma haka yake yi, ƙara jawowa ba ya huda ƙura.

Na uku, haske. Raba faɗin gilashin gaba da yawan jawowa, za ka sami kaurin hasken da ke fitowa zuwa idonka. 40 raba 9 ya ba da milimita 4.4, 40 raba 6 ya ba da kusan 6.7. Amma 50 raba 24, milimita 2 ne kawai. Ƙwayar idon matashi tana buɗewa har milimita 7 a duhu, ta dattijo kamar 5. Da sassafe da gab da magariba, lokacin da nama ke fitowa ruwa, kana son 5 zuwa sama. Ma'ana, 3-9x40 da aka ajiye a kan 6 ya fi 6-24x50 da aka ajiye a kan 24 haske.

A ganinmu, ga mai ƙaramin kuɗi ƙwarai, madubi marar murɗawa, 4x32 ko 6x42 na kamfanin kirki, ya fi mai murɗawa na kamfanin da ba a sani ba. Kayan cikinsa kaɗan ne, abin lalacewa ma kaɗan.

5. Tazarar ido

Wannan ita ce ratar da ke tsakanin idonka da gilashin baya a lokacin da hoto ya cika. Ga .22, santimita 7 ma ya yi. Ga .30-06 zuwa sama, kada ka karɓi ƙasa da santimita 9. Ga .375, nemi 10.

Gwada shi a kan jawowa mafi girma, domin a nan tazarar ke raguwa. Ka sa mai shago ya auna maka da rula daga girarka. Madubin da tazararsa ta gaza, ranar da ka yi harbi kana kallon tudu ko kana kwance, bakinsa zai sare ka a gira, tsaga mai kama da jinjirin wata, sai an yi ɗinki. Abin da ya fi raunin muni shi ne tsoron da yake bari: daga ranar, mutum yakan runtse ido kafin ya ja kunama.

6. Giciye da abubuwan da ba ka buƙata

Zaɓi giciye, wato layukan saiti da ake gani cikin madubi, mai kauri daga gefe, siriri a tsakiya, wanda ake kira dufleks. Kaurin yana kai ido tsakiya ko da haske ya yi ƙasa. Giciye mai ɗige-ɗige da lambobi kamar allon lissafi na masu gasar nesa ne.

Bar mai fitilar ja da kore idan mai araha ne. Hasken yakan yi yawa ya rufe dabbar, batirin CR2032 ya mutu a daji, gurbin batirin kuma wata ƙofa ce ta ƙura. Bar mai dogayen maɓallan saiti a buɗe, domin gogar jaka ko kafaɗa na murɗa su ba ka sani ba. Nemi masu murfi. Bututun madubi mai kaurin inci ɗaya, wato milimita 25.4, ya ishe ka, zobbansa kuma sun fi na milimita 30 sauƙin samu da sauƙin kuɗi.

Abu biyu ne ba a sassauci a kansu: a rubuta cewa an shafe dukan gilasansa da rufi mai hawa-hawa, kuma an cika cikinsa da iskar naitirojin ko argon an toshe. Na biyun ne ke hana gumi a ciki idan damina ta kama.

7. Gwaji a gaban mai shago

Kada kunya ta hana ka. Ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri, zan ɗan fita da shi bakin ƙofa." Mai kayan kirki ba zai hana ba. In da hali, je da la'asar sakaliya, domin da rana tsaka kowane madubi kyakkyawa ne.

Fara da girgiza shi kusa da kunne. Ko ƙaramin ƙaras ka ji, ajiye shi.

Karkata gilashin gaba ga haske. Mai rufin kirki yana mayar da inuwa dusu-dusu, kore ko shuɗi mai duhu. In ka ga fuskarka fes kamar a madubin ɗaki, hasken da ya kamata ya shiga ne yake dawowa. Gilashi mai jan ƙyalli kamar na tabaron yara ado ne kawai.

Haska tocilan waya ta gaba, ka leƙa ta baya daga ɗan nesa. Ƙura, ɓurɓushin fenti, ɗigon mai ko wani abu kamar saƙar gizo, duk alamar an buɗe shi ne ko ya sha danshi.

Dubi rubutun allon wani shago a nisan mita 100. Tsakiya zai fito, amma kai gefe za ka duba. In haruffan gefe sun narke, ko layin wayar lantarki ya yi bakin shuɗi da rawaya mai kauri, gilashin ba shi da kyau.

Sai gwajin da ya fi kowanne. Kafa madubin a kan buhun shinkafa ko yashi yadda ba zai motsa ba, ka ɗora giciye a kan wata kusurwa, misali ta taga. Wani ya danne shi. Murɗa maɓallin sama ƙyas 20, na dama 20, ka dawo ƙasa 20, hagu 20. Dole giciye ya koma daidai inda ya tashi. Kowane ƙyas ya ji a yatsa da kunne, ba laɓo-laɓo kamar ana murɗa tuwo ba. Daga nan, ba tare da ka motsa shi ba, juya jawowa daga 3 zuwa 9. In tsakiyar giciye ta bar kusurwar, wannan madubin zai harba wuri biyu daban, ba kuma a gyara shi.

8. Idan na hannu ne

Tsohon madubi na kamfanin kirki sau da yawa ya fi sabo a kuɗi ɗaya. Akan same su idan lokacin farauta ya rufe, wurin masu jagorar baƙi da dilolin Garwa, Yawunde da Duwala. Yi masa duk gwajin mataki na 7, ka ƙara uku.

Shafa bututun da yatsa inda zobba suka zauna. Gogewar fenti ba komai ba ce, amma lotsewa tana nufin an matse kayan ciki. Duba kawunan ƙananan sukurori, in sun cinye, wani ya taɓa shiga. Sannan in mai shi ya yarda, sa shi a firiji rabin awa ka fito da shi. Gumi a waje daidai ne, goge shi. Gumi a ciki na nufin iskar da aka cika ta tsere.

Gargaɗi: Nikon ta daina ƙera madubin bindiga, don haka wanda ya ce maka nasa sabon fitowa ne, a yi hattara. Alƙawarin gyara har abada da Vortex da Leupold ke bayarwa gaskiya ne, amma aika kaya daga Marwa zuwa ƙetare da dawo da shi na iya cin rabin kuɗin sabo. Kada ka biya ƙari saboda shi.

9. Zobba da mazauni

Je da bindigar, ko aƙalla sunanta da hoton samanta. Akwai mazaunin Weaver da Picatinny masu tsaga-tsaga, akwai siririn layi na milimita 11 a kan yawancin .22 da bindigogin iska, wasu kuma kamar CZ 550 suna da nasu layin na milimita 19 da ba ya karɓar na kowa. Faɗin zobe ya dace da bututu: na milimita 30 ba zai riƙe inci ɗaya ba, cusa roba ko gwangwani a tsakani kuma ɓarnar harsashi ce.

Ga kaliba mai hauri, nemi zobban ƙarfe, ko na alminiyam mai kauri da sukurori huɗu a kowane kai. Tsayi kuwa, mafi ƙanƙanta da zai bar milimita 2 zuwa 3 tsakanin bakin madubi da bututun bindiga, hannun ɗurawa kuma ya wuce bai taɓa ba. Zobba masu rami a ƙasa, da ake cewa za ka ga saitin ƙarfe ta ciki, suna ɗaga madubi har kumatunka ya bar ƙota.

10. Ɗaurawa

Cire harsashi, buɗe bindiga, duba da ido da yatsa. Goge mai daga ramukan sukurori. Ɗaura mazauni, ɗigo ɗaya na shuɗin gam ɗin sukuru a kowanne. Kada ka sa jan, ba ya kwancewa sai da wuta.

Ɗora madubi, ka bar zobba sako-sako. Sa shi a jawowa mafi girma, ka rufe ido, ka ɗaga bindiga kafaɗa yadda ka saba, ka buɗe. Matsar da madubin gaba ko baya har hoto ya cika ba baƙin zobe a gefe. Madubi ne zai zo wurin ido, ba wuya zai bi shi ba. Rataya igiya da dutse a reshe, ka daidaita tsayen layin giciye da ita.

Ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan kishiyarta, ratar gefen zobe biyu ta zama ɗaya. Ƙarfin da yawancin kamfanoni ke so kusan nitan-mita 2 ne a ma'aunin ƙarfin ɗaure sukuru. In babu ma'auni, riƙe gajeren ɓangaren makullin da yatsu uku, ka tsaya inda ya tsaya. Matsewa fiye da kima ta kashe madubai fiye da faɗuwa.

A ƙarshe, kalli sarari, ka murɗa zoben gilashin baya har giciye ya fito baƙi ƙirin da kallon farko. Kada ka zura masa ido, domin ido zai gyara da kansa ya ruɗe ka.

11. Saiti

Nemi wuri mai tudu ko gaɓar rafi a bayan allo, nesa da hanyar shanu da gonaki. Harsashin karabin yana tafiyar kilomita da dama. Yi da sanyin safiya, bindiga a kan buhunan yashi biyu, kuma da irin harsashin da za ka yi farauta da shi, nauyi ɗaya, kamfani ɗaya.

Fara a mita 25. Zare abin ɗurawa, ka leƙa ta cikin bututun bindiga har ka ga tsakiyar allo, sannan ka murɗa giciye ya same shi a can. Harba ɗaya ka tabbatar kana kan takarda. Koma mita 100, ko mita 50 in .22 ce, ka harba uku. Tsakiyar ukun za ka auna, ba wanda ya fi burge ka ba.

Karanta abin da ke kan maɓalli. In an rubuta 1/4 MOA, kowane ƙyas kusan milimita 7 ne a mita 100. In an rubuta 1 cm ko 0.1 MRAD, santimita ɗaya ne. Misali harsasanka sun sauka santimita 7 ƙasa da 3 hagu: a na farko ƙyas 10 sama da 4 dama, a na biyu 7 da 3. A mita 25 kowane ƙyas rubu'in haka yake tafiya, don haka sai ka ninka sau huɗu.

Bar bututun bindiga ya huce tsakanin kowane uku. In harsasai suna watsuwa nan da can, kada ka yi ta murɗa maɓalli. Duba sukurorin mazauni, sannan na zobba, sannan na ƙota. Ja layi da fensir a jikin bututun madubi dab da zobe. In bayan harbi biyar layin ya matsa, zobba ne ke zamewa, ba laifin madubi ba ne.

Gargaɗi: madubin bindiga ba tabaron hangen nesa ba ne. Duk abin da ka leƙa da shi, bakin bindiga na kansa. Dajin nan cike yake da makiyaya, masu itace da masu zuma. In ba ka tantance abu da ido ko da tabarau ba, kada ka ɗaga.

12. Kula da shi a ƙura da zafi

Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi. Goge gilashi da bakin riga ko rawani yana kankare rufinsa cikin rani ɗaya. Hura tukuna, ka share da burushi mai taushi, sannan ƙyallen tabarau mai tsabta. Murfi ya zauna a rufe sai an shiga daji, kuma ka riƙa yawo da madubin a kan jawowa mafi ƙanƙanta, domin abin da zai taso maka a kusa ba zai jira ka murɗa ba.

Kada ka bar shi cikin mota a rufe da rana, zafi yana narkar da man ciki ya busar da robobin toshiya. Da damina kada ya kwana cikin jakar fata ko ta soso, tana riƙe danshi. In ka yi doguwar tafiya a babur kan hanya mai gargada, kamar ta shiga Poli ko Rai Buba, ko bindiga ta faɗi, harba biyu a allo kafin ka nufi nama. Rubuta ranar saitin, nisan da irin harsashin a 'yar takarda, ka manna ta cikin murfin gilashin baya.